Mun Je Tamanrasat Raba Aure

Tun da muka dawo ban samu sukunin juya kifi a kasko ba. Duk wadda ta zo sayen na dala ashirin sai ta tsaya da tambayoyi. Rabi, ya ƙasar Larabawa? Gaskiya ne ba su cin tuwo? Gaskiya ne a jirgin sama kuka dawo? Na gaji da amsa guntu-guntu kifina na ƙonewa. Don haka ga labarin gaba ɗaya, daga bakin tafkin Madarunfa har Tamanrasat da dawowa. Yayata Sa'a ta roƙe ni in tsallake wasu wurare. A kansu zan fi daɗewa.

Lawali shi ne ɗan Yaya na fari, shi ya sa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "yaron can". Shekararsa shida a Tamanrasat yana aikin walda. Bara waccan ya yi waya ya ce ya yi aure, muka yi murna, don Yaya ta ɗauka Balarabiya ya samo. Bana aka ce matar ta haihu. Ana cikin haka wani mutumin Gabi ya dawo daga can, ya biyo gaisuwa, ya sha fura, sannan ya ce ai matar Lawali Buzuwa ce baƙa wuluk, uwarta baiwa ce da ta gudu daga hannun iyayengijinta. Ya ajiye ludayi ya tafi abinsa. Yaya ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, in ka cire fura da ƙuli-ƙuli.

Sai kun san gidanmu za ku gane ciwon. Kakan babanmu mahayi ne a rundunar Maraɗi, zamanin da ake kai hari kudu a dawo da mutane a ɗaure. Abin da muka gada daga gare shi takobi ne mai tsatsa da ake tonon rogo da shi, sai kuma baki. Yaya man gyaɗa take matsewa ta sayar, ni ina suyar kifi, amma in ta zauna sai ta jero maka asalin kowa a garin nan, wanda aka haifa ɗa da wanda aka kawo kakansa da igiya. Ba zan wanke kaina ba. In tana yi ina dariya, wani lokaci ma ni ke tuna mata wanda ta manta.

Ta yanke shawara za ta je da ƙafarta ta sa shi ya saki matar, jaririyar kuma in an yaye ta a kawo ta gida. Lawali ya taɓa cewa duk mai son zuwa ya jira ya nemo masa takarda. Yaya ta ce ba za a faɗa masa ba, kada matar ta samu lokacin shiga malamai. Ni aka ɗauka don na yi makarantar lakkol har aji shida, ina da ɗan Faransancin gaisuwa da tambayar hanya.

Muka hau babbar mota a tashar Maraɗi da sassafe, da buhun garin gero, daddawa, yaji da busasshen kifi, kamar masu zuwa ƙasar da ba a san abinci ba. Yaya ta ɗaura leshinta na biki. Kusa da mu wani malamin makaranta ne ɗan wajen Tawa, mutum mai ladabi, har ya saya mana ruwan leda. Kafin mu kai Madawa Yaya ta gama ba shi labarin abin da zai kai mu. Ya cire tabarau ya goge.

"Hajiya, kin san doka ta hana kiran mutum bawa a ƙasar nan?"

"Doka ta hana mallaka, Malam," in ji Yaya. "Ba ta hana tunawa ba."

Ya ce, "Ni ma kakata baiwa ce."

Yaya ta dubi ledar ruwan da ta riga ta shanye. Ba ta san yadda za ta mayar da shi ba. Da aka tsaya sallar azahar malamin ya sake kujera, ya bar mu da wani mai tumaki da ba ya jin magana sai an yi ihu.

Gaba da Abalak taya ta fashe, ta canji kuma aka tarar ba iska. Muka sauka muka nemi inuwa. Kusa da hanya akwai wani zango na Abzinawa, bukkoki huɗu ko biyar da rijiya. A ƙarƙashin rumfa wata mata ce jar fata, mai jiki, a kishingiɗe, ba abin da ke motsi a jikinta sai ido. Wata baƙar mata kuma tana daka, ta bar turmi ta kori awaki, ta dawo ta hura wuta. Yaya ta kalle su ta ji daɗi.

"Kin gani, Rabi? Nan duniya ba ta lalace ba. Kowa ya san wurinsa."

Ta gyara ɗaurin kallabi ta nufi rumfar don ta gaisa da takwararta. Na bi ta. Matar ba ta tashi ba, ba ta ma dubi fuskar Yaya ba. Ta tura wata ƙwarya da ƙafa, ta nuna rijiya da haɓa, ta faɗi wani abu. Mai dakan tana jin Hausa, ita ta fassara.

"Ta ce tunda kina tsaye ki ɗebo mata ruwa."

Yaya ta ja numfashi ta fara bayani. Ta fara daga kakan babanmu, dokinsa, garuruwan da ya ci, bayin da ke riƙe masa linzami. Mai dakan ta saurara har ƙarshe, ta juya ta faɗi duka cikin kalma uku ko huɗu. Ta rumfar ta yi dariya har cikinta na rawa, ta amsa.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Ta ce nasu bayin ma duk 'ya'yan sarakuna ne, in ka tambaye su."

Yaya ta koma gindin ƙaya ta zauna. Ni na tsaya, don mai dakan ta miƙo mini nono a ƙoƙo. Na tambaye ta a hankali ko ana biyanta wannan aiki. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Wa ke biyan ɗiyar gida?" Kalmar nan na san ta. Da ita muke kiran jikokin bayin gidanmu da ke zuwa wanke mana tukwane ranar biki su tafi da ƙanzo.

A Agadas muka kwana a farfajiyar tasha, kowa kan tabarmarsa, jakarsa a ƙarƙashin kai. Na ci shinkafa da wata miya ja da ban gane kanta ba, Yaya ta dama garinta. Daga nan zuwa Arlit hanyar ta fi kama da wurin da aka taɓa yin hanya. A Arlit wani ɗan Tasawa mai shayi ya haɗa mu da direban da ke ƙetarar da mutane a buɗaɗɗiyar mota. Yaya ta ga kujerun gaba babu kowa, ta ce za ta ƙara kuɗi ta zauna can saboda gwiwarta. Direban ya ce an kama. Muka jira rabin yini kafin masu kujerun su zo, wasu fatake ne biyu farare, waɗanda a gabanmu suka fara cinikin kuɗin mota. Wato tun ba a san da zuwansu ba aka kama musu.

Mu aka loda a baya, kan jarkokin mai, kowa da sanda a soke tsakanin ƙafafunsa don ya riƙe. Akwai samarin Gine, da wani ɗan Najeriya mai yawan addu'a, da matan Kance uku. Yaya ta ce wa ɗayarsu ta janye ƙafarta mai kaushi daga kan leshinta. Bayan awa huɗu na waiga na ga Yaya ta rungume ƙugun matar nan da hannu biyu, fuskarta a bayanta, tana kiranta 'yar'uwa.

Masu tambayata ya iyaka take, ban gan ta ba. Direban ya kauce wa shingen hukuma da nisa, ya yi ta gudu cikin rairayi, can ya nuna wata tsohuwar taya a kife ya ce mun shiga. Ba mu da komai sai katin ɗan ƙasa. Daga Ingizam, garin farko bayan iyaka, na kira Lawali. Ya ce, "Inna Rabi, ku zauna inda kuke, kada ku fita titi." Ya turo wani abokinsa mai motar kaya ya kwaso mu, a bayan buhunan albasa muka shiga Tamanrasat.

Gari ne babba, da duwatsu a bayansa da kwalta ko'ina. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga arha, har bakin juji za ka gan shi a jere. Maza ke zuwa cefane. Ƙofofin gidaje a rufe suke ko da rana, ba mai leƙo kai ta katanga ya tambayi kwanan maƙwabci. A Madarunfa in ka yi haka sai a ce kana da abin ɓoyewa. Inda aka sauke mu muka tsaya jiran Lawali a bakin wani kanti. Mata biyu suka wuce, ɗaya ta dubi Yaya ta ce wa ɗayar, "Kahlusha." Mai kantin ma da muka sayi ruwa ya faɗi kalmar, ya zube mana canji a kan tebur maimakon ya sa a hannu. Yaya ta gyara tsayuwa.

"Kin ji? Sun gane ni. Ina jin kamar Hajiya ce a bakinsu."

Da Lawali ya iso, bayan ya durƙusa ya gaishe mu, ta tambaye shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, baƙa ke nan. 'Yar baƙar nan. Akwai wadda ta fi ta muni, hadim, ita kuma baiwa. In kin ji, ki yi kamar ba ki ji ba." Yaya ta ce ai ba su san ta ba ne. Ya ce, "Ba sa tambaya."

Gidan yana bayan gari, unguwar da kusan kowa baƙi ne. Abu na farko da ya ƙona ran Yaya shi ne gidan ba na Lawali ba ne, na surukarsa ne. Matarsa, Takna, ta fito ta durƙusa har ƙasa. Doguwa ce, baƙa, mai fararen haƙora, tana aikin taimakon masu jinya a wani ƙaramin asibiti. A garin aka haife ta, amma ta gaishe mu da Hausar Adar da ta koya a bakin uwarta. Ta ɗauko jaririyar ta miƙa wa Yaya da hannu biyu, tana kiranta Anna, wato uwa a bakinsu.

"Anna, ga takwararki. Sa'adatu muka sa mata."

Yaya ta ce hannunta na ciwo saboda riƙon sanda. Ni na karɓa. Yarinyar goshin Yaya ta ɗauko, har da ɗaure fuskar.

Sun yi mana hidima. An yanka akuya, an yi kuskus, an yi wani burodi da ake gasawa cikin toka da rairayi a marmasa shi cikin romo. Na ci har na kwance ɗaurin zane. Yaya ta fito da kwanonta daga jaka, ta ce cikinta ba ya son baƙon abinci, sai abin da na dafa. Takna ta gane, ta share mini murhu ta kawo gawayi.

Uwar Takna, Inna Hadi, tsohuwa ce 'yar siririya mai yawan tasbihi. A idon sawunta na dama akwai wani zobe na tabo, fatar ta lotsa ta yi sheƙi. Na tambaye ta ko ƙuna ce. Ta ce munduwar tagulla ce da iyayengijinta suka sa mata tun tana budurwa, mai nauyi, don kada ta yi nisa. Shekarar babban fari da dabbobi suka mutu, kowa na ta kansa, ta samu wani maƙeri ya sare mata ita, ta bi motar gishiri ta yi arewa. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin zuwa kasuwa.

Rana ta uku da la'asar muna zaune ana shan shayi, Yaya ta ga lokaci ya yi da za a san da wa ake zaune. Ta fara jero kakan babanmu, wannan karon har da sunayen garuruwan kudu da ya kai wa hari. Inna Hadi ta ajiye ɗan kofinta.

"Maimaita na ƙarshen."

Yaya ta maimaita, da ƙarfi.

"To, garin kakata ke nan," in ji tsohuwar. "Bahaushiya ce. Tana yarinya ta fita ɗebo itace mahayan Maraɗi suka ɗauke ta, suka ba Abzinawa ita a bakin gishiri. Har ta mutu tana faɗin sunan garin kada ta manta. Wataƙila kakan naku ne. In shi ne, ashe mun daɗe da sanin juna." Ta ɗauki buta ta ƙara wa Yaya shayi, duk da ta san ba sha take ba.

Ban taɓa ganin bakin Yaya a buɗe ba magana a ciki ba sai ranar.

Washegari ta kira Lawali ɗaki, ta sa ni zama shaida. Ta ce ya saki matar, ya biyo mu gida, akwai 'ya'yan mutunci birjik. Ya sunkuyar da kai ya saurara har ta gama.

"Iya, shekarar da ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa, wata uku ina kwance. Mai garejin bai leƙo ni ba. Takna ce ke wanke ciwon, tsohuwar nan ke dafa mini. Ba wadda ta tambayi sunan kakana. A titin garin nan ni da ita suna ɗaya ake kiranmu. Kuma don ki sani, su ma sai da suka yi taron dangi kafin su ba ni ita. Kawunta cewa ya yi ba za a ba baƙon haure ba, Hausawa mabarata ne."

"Mu ne mabarata?"

"Haka suke gani a bakin masallaci, Iya. Kowa da wanda yake takawa." Ya ɗago kai. "Duk abin da kika ce zan yi, ban da wannan."

Yaya ta ce to ta ji, ba ta da ɗa. Ta ce mini gobe mu sayi dabino da turare mu kama hanya. Lawali ya roƙe mu kada mu fita ba tare da Takna ba, don ana kamen baƙi a kwanakin. Yaya ta ce ba Buzuwar da za ta yi mata jagora. Da safe, bayan su biyun sun tafi aiki, muka fice.

Muna cikin taya dabino na ga mutane na watsewa. Kafin in ɗaure bakin zane motocin 'yan sanda sun tare mashigar kasuwar biyu. Yadda ake zaɓen ba wuya. Kusa da mu akwai wani mai sayar da takalma, jar fata ɗan Mali, wanda shi da bakinsa ya gama ce mana ba shi da takarda. Ko kallonsa ba a yi ba. Mu wani ɗan sanda ya nuna da sandarsa. Yaya ta riƙe hannuna.

"Faɗa masa da Faransanci ko ni wace ce."

"Yaya, Faransancina bai kai kan kakanni ba."

Aka tura mu mota, ledar dabinon da ba mu biya ba tana hannunta.

Wani fili aka kai mu, mai katanga da waya, da rumfunan kwano. Mutane sun fi a ƙirga, duk baƙaƙe. Aka rubuta sunayenmu, aka ce 'yan Nijar su ware gefe, za a mayar da mu in motoci sun cika. Lawali bai isa ya matso ba, don tasa takardar ma ta ƙare yana neman sabuntawa. Da yamma na hango Takna a bakin ƙofa da rigar aikinta. Sau uku aka tsayar da ita tana nuna katinta, ita da aka haifa a garin, har wani ya ɗaga katin yana duba shi a hasken rana. Ta shiga ofis ta daɗe. Da ta fito ta zo jikin waya, idonta ja.

"Anna, na yi iya yina. Sun ce sunanku ya riga ya shiga takarda."

Na tambaye ta me suka ce mata.

"Babban ya tambaye ni ko Anna 'yar aikina ce. Ya ce in haka ne in kawo shaidar wanda ya ɗauke ta aiki, a duba."

"Kika ce me?" in ji Yaya. Karo na farko ke nan da ta yi mata magana kai tsaye.

"Na ce uwar mijina ce."

Na so in ce mata da ta amsa, da yanzu muna gida. Na dubi Yaya na fasa.

Kwana uku muka yi a filin. Safe da yamma Takna na zuwa da tukunya, da abin da zai ishe mu da matan da ke kewaye da mu. A wurin aikinta an gargaɗe ta cewa in ta ci gaba da fita za a ba wata gurbinta, ta ci gaba. Ranar farko Yaya ta ce ba ta jin yunwa. Rana ta biyu na juya baya ina alwala, na waigo na tarar tana suɗe kwanon kuskus da yatsa. Ta ce gishiri ya yi yawa.

Ranar da aka ce motoci sun zo, Takna ta iso da jaririyar a goye da bargo mai kauri a hannu. Ta ce Inna Hadi ce ta aiko, ta ce Yaya ta zauna tsakiyar mota, gefe ya fi wahala, ita ta san hanyar. Yaya ta karɓi bargon ta saman waya. Sannan ta zura yatsa ta ramin wayar tana neman ƙafar yarinyar, ba ta kai ba. Ta juya gare ni.

"Roƙar mini matar can."

Akwai wata ma'aikaciya a bakin ƙofa, ba ta da fara'a. Na haɗa duk Faransancin da na mallaka, na ce kaka ce, ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba. Ta dube mu, ta dubi agogo, ta buɗe ƙofar kaɗan ta karɓi yarinyar ta miƙo. Ciwon hannun Yaya ya warke nan take. Ta ɗaga ta sama ta fara yi mata kirarin gidanmu, jikar mahayin da ya ci gari kaza, wanda ya kwaso... Sai ta tsaya. Takna na tsaye a bayan waya tana kallonta. Yaya ta sauke yarinyar ta manna ta a ƙirji, ta ce, "Takwara. Allah ya raya ki." Sannan ma'aikaciyar ta miƙo hannu ta karɓe ta.

Dawowar ba ta da daɗin faɗi. Manyan motocin kaya, a tsaye a zaune, har Asamaka, bakin iyakarmu. Can aka sake rubuta mu, aka ba mu ruwa da biskit. Bargon nan mu biyar muka shiga cikinsa. Daga Agadas muka hau motar haya zuwa Maraɗi, leshin Yaya ya koma kalar hanya.

Kafin in huce gajiya na ji labarinmu ya riga ni fita. Yaya ta shaida wa mutane surukarta ma'aikaciyar asibiti ce, gidansu na siminti, kuma hukumar ƙasar da kanta ta ba mu mota kyauta har iyaka. Duk gaskiya ne, ba inda za ka kama ta. Wasu suka ƙara da cewa Balarabiya ce, ba ta musa ba. Zancen jirgi ban san wanda ya ƙaga shi ba, amma na ga tana murmushi in an faɗa. Maganar saki kuwa ba ta sake tashi ba. Ran Juma'a takan zo wurina in kira mata Lawali, ta ce masa, "Ba ni uwar takwara," su yi ta magana har katina ya ƙare.

Sati uku da suka wuce muka je bikin suna a garin Sarkin Yamma. Tsakar gida cike da mata, ana rabon goro. Akwai wata Hajiya Balki, wadda ita da Yaya sun shekara talatin suna auna asalin juna. Ta bari sai da wuri ya yi shiru.

"Sa'a, ashe kun sha hanya. Sai dai wani ɗan Gabi ya ce wai surukar taki baiwa ce. Na ce ƙarya ne, gidanku ba a haka."

Yaya ta gama tauna goronta, ta tofar a gefe.

"Bai yi ƙarya ba. Baiwar Allah ce, kamar uwarki. Kuma da aka kulle ni kamar akuya, ita ta ciyar da ni kwana uku. Ke ko waya ba ki yi ba."

Yaya ta karɓi wayata ta nemo hoton jaririyar, ta sa aka zagaya da shi, tana cewa a duba goshin. Hajiya Balki ta tuna ta bar tukunya a wuta.

A hanyar dawowa muna bayan amalanken shanu, ni ina ta jin daɗi a raina, ina cewa ashe tafiyar nan ba a banza muka yi ta ba. Yaya ta daɗe tana kallon gonakin gero. Can ta ce, "Yarinyar nan in ta girma kyakkyawa za a yi. Amma ba zan ba kowa ita ba sai an bincika asalinsa."

Na ce, "Yaya, in su kuma suka bincika namu fa?"

Ta juya ta ci gaba da kallon gonakin har muka shigo Madarunfa.